Azumin Baba a Alƙahira

Tun da na koma makaranta ban huta ba. Duk wanda na haɗu da shi a ɗakin malamai sai ya tare ni: Malama Balki, yaya Masar? Kin ga dalar Fir'auna? Kin shiga jirgin ruwa a Nilu? Wata ma cewa ta yi ta ji abaya ta fi arha a can, me ya hana ni zuwa da ko guda ɗaya. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ban ga dala ba. Nilu kuma ta tagar mota na hange shi, ina cikin fushi, ban ma tsaya kallonsa ba. Abin da na je gani yana cikin hanjin mahaifina ne, kuma saura kaɗan mu dawo ba mu gan shi ba, saboda wani hali namu da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba manomin shinkafa ne da albasa a Gulma. Mutum ne da rana ba ta taɓa riga shi isa fadama ba, sai ga shi ya fara zama a kan kunyar gona yana maida numfashi, tafin hannunsa ya yi fari. Aka auna jini, aka ce ya yi ƙasa. A ba shi magani ya hau, a bari ya sake sauka. Daga baya gwaji ya nuna akwai jini a bayan gidansa, irin wanda ido ba ya gani. A gari kowa ya zama likita. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce ɗan kanoma, kowa da jiƙon da zai kawo a gora. Yayana Umaru ya kai shi wani babban asibiti a wata jiha, aka zura masa bututu mai kyamara ta dubura aka duba babban hanji, aka ce ba a ga komai ba. Muka yi murna, Baba kuwa ya ci gaba da ramewa.

Wata likita a Birnin Kebbi ce ta ƙi yarda. Ta ce mini akwai tsiron da ke fitowa a hanji ya tsaya da kai, kowace kyamara za ta gan shi. Akwai kuma wanda ba ya tasowa, shimfiɗe yake kamar inda ruwa ya taɓa bango ya bushe, kyamara sai ta wuce ta kansa. Irin wannan, in ji ta, sai na'urar da ke ƙara girman hoto sosai, a fesa wa wurin ruwa mai launi, sannan ya bayyana. In an same shi da wuri ana ɓare shi ba tare da an tsaga ciki ba. In an bar shi, shi ne ke zama ciwon daji.

Masar ta shigo zancen ne saboda muna da mutum a can. Malam Lawali, mijin yayata Kulu, yana karatu a Alƙahira, shi ya nemo likitan ya karɓa mana rana. Ni aka zaɓa in raka Baba don ina jin Turanci, maza kuma suna kan girbi. Ban yi tunanin komai ba game da cewa gidan suruki za mu sauka, sai ma daɗi da na ji cewa muna da masauki.

Umaru ya ɗauko mu daga Gulma da safe. Bayan motar na leƙa na ga buhun albasa cikakke. Na ce, Baba, jirgi fa za mu hau.

"Ni ba ni zuwa gidan suruki hannu banza," in ji shi. "Jirgin ba shi ɗaukar kaya?"

A Argungu kuma ya sa aka tsaya kasuwa, ya zaɓi bandar kifi da kansa, yana ɗagawa yana shinshinawa. Duk wanda ya tambaye shi ina za a, sai ya ce za mu gano Malam ne. Mutumin da ya tsaya ya huta sau biyu tsakanin mota da rumfar kifi, wai ziyara za shi. Muka kwana a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, gidan Yaya Kulu, wadda ke jego ba ta iya bin mu. Ita ma ta haɗa wa mijinta tsaraba: shinkafar tuwo, garin kuka, daddawa, yaji. Na shirya su a jaka da hannuna, ban san abin da nake ɗauka ba.

A filin jirgi aka auna kaya, albasa ta koma gida tare da Umaru. Baba bai yi mini magana ba har muka sauka Abuja, kamar ni na ƙera ma'aunin. A jirgin Masar kuma ya ƙi shan ko ruwa, don kada ya buƙaci shiga bayin da mata da maza ke layi a ƙofarsa.

Da muka sauka, wani jami'i ya buɗe jakarmu. Kifi bai dame shi ba. Daddawa ya ɗaga ya shinshina, ya kawar da kai da sauri, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Garin kuka ne ya tsayar da su, kore shar a leda ba rubutu. Ina ta bayani da Turanci cewa ganyen itace ne na miya, ba su gamsu ba. Baba ya gaji, ya kwance ledar, ya dangwala yatsa ya lasa, ya miƙa wa jami'in shi ma ya ɗanɗana. Mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce. Da na san abin da kukar nan za ta yi mana, da na roƙe shi ya riƙe ta.

Malam Lawali na jiran mu a waje. Yana hango Baba ya cire takalmi ya durƙusa a kan tayil, Larabawa na kewaye shi da kekunan kaya suna kallo. Sai da suka gama gaisuwa tun daga fadama har jariri, kansa a ƙasa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Balki, har yanzu ba ki girma ba?" Ni ƙanwar matarsa ce, wasa ke tsakaninmu, kuma wannan wasan ne ya ba ni bakin yi masa abin da na yi masa daga baya.

Gidan da yake haya bene ne mai tsawo, na'urar hawa kuma ta lalace. Baba ya kama ƙarfen matakala yana hawa yana tsayawa. Malam Lawali, ƙato mai ƙarfi, yana bin mu a baya da jakunkuna, duk inda Baba ya tsaya sai shi ma ya tsaya can ƙasa ya zuba wa bango ido, wai kada ya nuna ya ga surukinsa ya gaza. Ni ce na riƙe hannun Baba har sama. Tun daga nan abin ya fara ba ni haushi, amma na haɗiye.

Ya bar wa Baba ɗakinsa, shi ya koma falo. Ni kuma ya sama mini wuri a hawa na ƙasa, wurin mai gidan, wata dattijuwa da ake kira Ummu Ahmad. A gidanta na ga abin da ya ɗaure mini kai. Mijin 'yarta yakan shigo da 'yar singileti, ya zauna kusa da ita, ya sa hannu a farantinta ya ɗauki abin da yake so, ya daki kafaɗar tsohon gidan suna musun ƙwallo. Na ce a raina waɗannan ba su san kunya ba. Ban cika mako ba na fara yi musu sha'awa.

Mutanen Alƙahira ba su san magana a hankali ba. Gaisuwarsu kamar faɗa, cinikinsu kamar faɗa, odar mota ba ta tsayawa. Mata kan zuro kwando da igiya daga bene, mai burodi ya saka musu, su ja. Abincinsu wake ne safe da yamma, da wani burodi mai faɗi da ake barbaɗa wa dusa, irin dusar da muke ba tumaki. Shayi kuma sai an zuba sukari har cokali ya ji nauyi. A ɗakin jira na asibiti wani tsoho ya zauna kusa da Baba yana ba kowa labarin cikinsa da ƙarfi, yana nuna wurin da hannu, mata da maza suna ba shi shawara. Baba ya tambaye ni me yake cewa. Da na gaya masa abin da na fahimta daga hannayen mutumin, sai ya matsa gefe ya ja hularsa.

Da aka kira mu, Malam Lawali ya ce shi zai tsaya a waje. Likitan gajere ne mai sanƙo, mai saurin magana. Ya dunƙule hannu ya ce wannan shi ne tsiron da kowa ke gani. Ya shimfiɗa tafin hannu a tebur ya ce wannan shi ne wanda yake nema. Ya ce fatar cikin hanji tana da ƙananan ramuka kamar na rariya, kuma in ya fesa ruwan shuɗi ya ƙara girman hoton, ramukan ne ke gaya masa gaskiya. In zagayayyu ne a jere, lafiya. In sun yi tsawo sun murɗe, abu ya fara. In sun watse babu tsari, ya yi nisa. Idan ya samu wurin zai yi masa allurar ruwa ta ƙasa. In ya tashi ya rabu da naman da ke ƙarƙashi, zai ɓare shi nan take. In ya ƙi tashi, ya yi saiwa ke nan, sai tiyata, kuma ya dubi Baba ya ce ba ya son jikin nan ya kai ga tiyata.

Sharaɗinsa ɗaya ne, ya kuma maimaita shi har na gaji. Hanji ya zama fes. Ranar da za a kwana a yi gwajin, babu abinci ko loma, sai ruwa da shayi ba madara, da maganin wankin ciki, rabi da rana, rabi da asuba. Ya ce ɓawon wake ɗaya ya isa ya rufe abin da muka zo nema.

A hanyar fita na ce wa Baba bari in gaya wa Malam don ya san abin da zai ba shi. Ya tsaya cak.

"Balki, wanga zance tsakanina da ke na. Kak ki hwaɗa ma Malam komi."

"Baba, to in ya kawo abinci hwa?"

"Na san abin da za ni ce mai."

Abin da ya ce masa shi ne azumin nafila zai yi. Da na ji, har yaba wa Baba na yi a raina, na ce tsohon nan akwai dabara. Malama guda, mai koyar da yara lissafi, ban iya lissafa cewa kowane azumi yana da magariba ba.

Da rana na hau na dama masa rabin maganin, ya shanye yana ɓata fuska. Da la'asar Ummu Ahmad ta ja ni kasuwa, cunkoson motoci ya riƙe mu har aka yi sallah. Da na hau sama sai na tarar da takalman maza jibge a ƙofa, ana hira ana dariya a ciki. Ɗaliban Kabi da Sakkwato ne suka zo gaida dattijo daga gida. Mace ba ta kutsawa cikin taron maza, sai na juya na sauka. Da asuba na kai masa sauran maganin, falon a share, kwanoni a wanke. Ya karɓa ya sha.

A asibiti, ba a daɗe da shiga da Baba ba likita ya aiko a kira ni. Ya tsayar da hoton a kan allo, fuskarsa a murtuke. Ban taɓa ganin cikin hanji ba, amma na gane abin da nake kallo. Ga ɓawon wake, ga 'ya'yan gwaiba, ga dusa manne ko'ina. Ya nuna wani abu kore da ya shafe bangon hanjin ya ce, wannan kuma mene ne? Kukar Yaya Kulu ce, wadda na ɗauko da hannuna tun daga Badariya.

Ya ce ba ya iya ganin komai, kuma ba zai rubuta cewa babu komai ba alhali bai gani ba. Zai yi tafiya a ƙarshen mako, ba zai dawo ba sai bayan izinin zamanmu ya ƙare. Akwai gurbi ɗaya da zai iya matsa mana kafin ya tafi. Ya ƙara da cewa wankin ciki karo na biyu zai wahalar da mutum mai ƙarancin jini irin Baba, kuma babu na uku.

Na riƙe maganar har muka shiga tasi, inda ba wanda zai iya guduwa. Malam Lawali a gaba, ni da Baba a baya. Na ce, Malam, me aka ci jiya?

Ya lissafa mini a hankali. Dabino, wake, burodi, ruwan gwaiba, sannan tuwon shinkafa da miyar kuka da kifin Argungu. Yaran da suka ji dattijo na azumi kowa ya zo da kwanonsa. Na ce masa ba laifinsa ba ne, tunda bai san irin gwajin ba.

"Na sani, Balki," ya ce, bai juyo ba. "Ni nay yi magana da likita tun ba ku zo ba. Dut ya hwaɗa min."

"Ka sani? To dom mi?"

"Baba yac ce azumi shika yi. In ban kawo buɗa-baki ba, na ce mai ƙarya shika yi ke nan, kuma na nuna mai na san abin da za a yi mai. Na ɗauka dabino za shi taɓa shi bari."

Na juya ga Baba. Yana kallon waje ta taga.

"Suruki shi aje ma abinci gaban mutane, ka maishe mai?" ya ce. "Ai wancan karon ma na sha hura gidan da munka sauka da Umaru. Ba wanda yac ce komi."

Nan ne kaina ya yi zafi. Ashe gwajin farko ma haka aka yi shi, hanji ba wanke ba, kuma aka sallame mu da "ba a ga komai ba" maimakon a ce mu dawo. Shekara guda muna shan jiƙo a kan wannan maganar. Ga shi mun tsallake ƙasashe, maza biyu masu hankali, ɗaya ya je Makka ɗaya yana neman digiri na uku, kowa ya san gaskiya, kowa ya san ɗayansu zai iya mutuwa da ita, sun zauna suna miƙa wa juna tuwo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, bututu na za a sa maka ta dubura! Malam ya sani, ni na sani, likita ya sani, Allah ya sani! Mi ar rage da kuka ɓoyo? In abin ga ya zama daji, kunya ta za ta yi maka magani? Kai kuma Malam, in munka koma da gawa, mi za ka ce ma Kulu? Ka ce mata ka yi ladabi?"

Direban ba ya jin Hausa, amma ya rage rediyo. Malam Lawali ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gaban motar. Baba ya ƙara juya fuskarsa ga taga. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ji tausayinsa, na ji kunya ni ma, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ranar wanki na biyu na ɗauko kujerar roba daga gidan Ummu Ahmad na dasa a ƙofar ɗakin Baba. Ɗaliban suka sake zuwa da kwanoni. Na ce musu Baba wankin ciki yake yi, ba ya cin komai, su koma da abinsu Allah ya ba da lada. Suka dubi juna kamar na zage su, suka sauka. Maganin ya wahalar da shi ƙwarai. Zuwa yamma ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, yana dafa bango zuwa bayi, ya ƙi yarda in riƙe shi, ya ƙi yi mini magana. Tsoro ya kama ni sosai, na ce ko ni ce zan ƙarasa shi da hannuna. Malam Lawali ne ya tashi daga falo ba tare da kowa ya ce masa ba, ya zo ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hannun Baba, yana kallon gefe. Baba ya jingina da shi.

A asibiti wata matsalar ta taso. Likita ya ce saboda raunin jikinsa ba zai sa shi barci mai nauyi ba, zai bar shi yana ji sama-sama, kuma yana buƙatar wanda zai riƙa gaya masa ya juya ko ya riƙe numfashi. Ko ni da Turanci, ko Malam da Larabci. Na fassara wa Baba. Yana kwance a gadon turawa, an sa masa wani wando mai tsaga ta baya, an lulluɓe shi da zane. Ya daɗe yana kallon silin. Ko 'yarsa ko surukinsa, babu na uku.

"Kira Malam," ya ce. Ita ce maganar farko da ya yi mini tun cikin tasi.

Wata nas ta ga ina kuka a baranda, sai ta bar ƙofar ba ta rufe duka ba. Ta nan na hango Malam Lawali. Ya je kusurwa ya juya wa gadon baya, hancinsa ya kusa taɓa bango, kamar ɗalibin da na hukunta. Da yake bango yake yi wa magana, dole ya ɗaga murya, don haka ina jin komai.

"Baba, yac ce ka kwanta ta hagu."

"Baba, yac ce yau an wanku tas, ya gode."

Aka daɗe. Likita na magana da nas ƙasa-ƙasa, na'ura na ƙara. Ya kai ƙarshen hanjin ya fara dawowa a hankali, ba a ce an ga komai ba. Ban san abin da zan roƙa ba, a gani ko kada a gani.

"Baba, yac ce ka koma rigingine. Yac ce akwai wurin da bai gamsu da shi ba, shina hesa shuɗi."

Sai muryar likita ta canza.

"Baba, yac ce ya gan shi. Yac ce shimhiɗe shike bayan wata lanƙwasa. Shina ƙara girman hoton. Yac ce ramukan sun murɗe, amma ba su watse ba. Yanzu za shi yi allurar."

Na dafe ƙofar. Ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo haka ba. Likita ya yi wata magana da ƙarfi, ya sake maimaitawa, yana kiran Malam ya duba allo. Malam bai motsa ba. Likita ya daka masa tsawa irin tasu. Sai na ga ya juyo, ya dubi allon, bakinsa ya buɗe.

"Ya tashi! Baba, wallahi ya tashi, dut ya tashi! Yac ce yanzu za shi ɓare shi!"

Yana faɗa yana kuka, ƙaton mutum. Can na ji muryar Baba, a shaƙe da maye, a hankali.

"Alhamdu lillahi. To Malam, maida huskarka inda take."

Ya kuwa mayar, har aka gama.

Daga baya likita ya nuna mini hotuna. A na farko, kafin shuɗi, na zura ido iya ƙarfina ban ga komai ba sai jan nama mai sheƙi. A na biyu shuɗin ya kwanta a gefe-gefe ya zagaye wani fili da bai fi kan babban yatsa ba. A na uku, da aka ƙara girma, ga ramukan nan a murɗe. Wannan ɗan abin ne ya zaunar da manomin Gulma. Sakamakon naman ya fito kafin mu taso: ya fara juyewa zuwa daji a sama-sama, amma bai nutsa ba, kuma an cire shi duka. Za a sake dubawa nan gaba. Na tambayi likita da mun koma gida ba a gani ba fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce da wataƙila sai mun dawo lokacin da kowace kyamara za ta gan shi.

Yanzu Baba ya koma fadama, jininsa ya hau, yana faɗa da masu ban ruwa kamar da. Masu zuwa sannu da zuwa kuwa yana gaya musu ciwon ciki ne, Larabawa sun ba shi magani. A cikin masu jinjina kai akwai sa'o'insa da tafin hannunsu ya yi fari, suna shan jiƙon basir, kuma ko an tura su gwajin nan gobe za su sha fura a masauki don kada mai gida ya ji ba daɗi. Shi ya sa da na je Gulma ranar Juma'a na same shi shi kaɗai a zaure, na durƙusa na ce masa zan rubuta labarin nan duka, da bututun, da inda aka sa shi, da azumin, in ba mutane su karanta. Na shirya wa faɗa. Ya daɗe yana murza carbi.

"Rubuta," ya ce. "Wataƙila shi amfani wani."

Na yi godiya na miƙe. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya.

"Sai dai Balki, kak ki bari Malam Lawali shi gani."